Gyaran Muryar Malam Bukar

Girman kai rawanin tsiya ne, wannan kowa ya sani. Amma yana da wani reshe da ba a cika faɗa ba, shi ne mutum ya tambayi mai jin tsoronsa, "Ya ka ga aikina?" sannan ya ɗauki amsar ya rungume kamar gaskiya ce. Wannan ne ya ka da Malam Bukar, maƙwabcina a Gwale, a shekarar da soja suka tattara suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Ga yadda aka yi, mai kunne ya ji.

Malam Bukar malamin firamare ne, Babarbare, tun zamanin fatauci kakanninsa suka zo daga Barno suka zauna. Mutum ne mai tsafta da riƙon salla, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya, fuska. Tunda nake da shi ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai in yana asuwaki. In zai shiga gida yakan tsaya a soro ya yi gyaran murya sau biyu. Kafin na biyun ya sauka gida ya yi tsit. Yara su rarumi allo, matarsa ta rage rediyo, kaji ma sai ka ga sun bi bango. Haka yake yi a ƙofar aji. Saboda haka shi a saninsa yaro wata halitta ce mai shiru, mai sunkuyar da kai, wadda ba abin da take so kamar nasiha.

A wannan shekara makarantu sun cika maƙil da yara, littafi kuwa babu. Sai wani kamfanin buga littattafai ya turo wata Malama Bahijja, tsohuwar malamar makaranta, ta nemo wanda zai rubuta ɗan littafi mai hotuna don 'yan aji ɗaya. Aka nuna mata Malam Bukar, don kowa ya shaida ya iya alƙalami. Zanen kuwa aka ba Ilu, mai rubuta allon shaguna a Ƙofar Wambai, wanda a lokacin hannunsa bai gama bushewa da fentin alamomin jam'iyyu ba.

Malama Bahijja ta ce, "Malam, sharaɗina ɗaya ne. Kafin ka sa alƙalami ka nemo abin da kake so yaro ya ji a ransa in ya buɗe littafin. Dariya ce, tausayi ne, mamaki ne, kai ka sani. In kun gama zan karanta wa yara da kaina. In suka ce a sake, za a buga, da sunanka a bango. In ba su ce ba, sai haƙuri."

Ya ce, "Malama, shekarata goma sha tara da alli a hannu. In ban san ran yaro ba, wa ya sani?"

Sunan nan a bangon littafi ya shiga ran Malam Bukar. Tun ba a je ko'ina ba ya faɗa mana a dakalin da muke zama bayan La'asar, ya faɗa wa liman, ya faɗa wa wanzaminsa.

Aka yi dogon hutu, ya rufe kansa a ɗaki. Kwana tara yana neman abin da zai sa wa yara a zuciya, rana ta goma ya fito ya ce ya samu: tsoro. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji shi. Ya rubuta labarin wani yaro Lawal da ba ya gaida manya. Shafi goma sha biyu, kowane shafi da masifarsa. A nan kunama ta harbi Lawal, a can ya faɗa kududdufi, gaba kaɗan ƙaya ta soke shi. A shafin ƙarshe kura ta zo ta ɗauke abin da ya rage.

Da ya gama sai ya ce bari ya gwada a gida. Ya yi gyaran murya, 'ya'yansa da na 'yan'uwa suka taru suka durƙusa, kai a ƙasa. Ya karanta tun daga kunama har kura.

"Da daɗi?"

"Da daɗi, Baba."

"A sake?"

"A sake, Baba."

Sau uku ya maimaita musu. Ya fito dakali yana baza riga, ya ce, "Alhaji, sun ce a sake! Sau uku!"

Na ce, "Malam, labarin zuciya a tambayi fuska. Ka dubi fuskokin nasu?"

"Kansu na ƙasa. Tarbiyya ke nan."

Na ce, "Yaron da ya ce wa ubansa a'a ba a haife shi a unguwar nan ba. Ko dutse ka karanta musu, da daɗi za su ce."

Ya dube ni irin kallon da ɗan boko ke yi wa wanda ya tsaya a yaƙi da jahilci. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ilu ma ya sha tasa wahalar. Ya ce yana son ya ga fuskokin yara kafin ya zana, sai Malam ya jera masa su a soro kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa. Ilu ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "Malam, waɗannan ai sai allon asibiti."

"Zana abin da aka sa ka."

Ya zana. Kurar da ya yi kuwa, ni da gemuna sai da na yi a'uzu.

To, akwai mahaifiyar Malam Bukar, Ya Kaka, tsohuwa mai haɗa turaren wuta. Da hantsi, in Malam ya fita, takan shimfiɗa tabarma a soro ta baje itatuwanta da kwalabe. Wata rana Ilu ya zo bai tarar da Malam ba, ya zauna daga gefe yana jira. Sai ga Kyari, autan Malam, ɗan shekara biyar. Kun san jika namiji mijin kakarsa ne na wasa, to waɗannan biyu sun riƙi auren nan da gaske.

Ya Kaka ta ce, "Kai maigida, haka ake yi? Ka fita tun safe ka bar gida ba cefane?"

Kyari ya zura hannu a aljihu ya ajiye mata ƙwallon mangwaro tsotsattse. "Ga nama."

"Wannan ne naman? Mazan unguwa suna kawo ƙafar sa!"

"Ke da ba ki da haƙora, me za ki yi da ƙafar sa?"

"La'ilaha! Ni ka zaga? To sake ni in auri mai babur."

Kyari ya tsinko ganyen gwanda daga tsakar gida ya miƙa mata. "Ga takardarki. Saki ɗari."

"Madalla. Alewar da na ajiye wa mijina sai in ba sabon."

Nan take maigida ya ce bai yarda ba, ya mai da ita. Ta ce ba a mayarwa da baki, sai an je gaban alƙali. Alƙalin kuwa akuyar gidan ce, tana ɗaure a bakin ƙofa. Suka durƙusa a gabanta, sauran yara suka zama shaidu, Ya Kaka ta kai ƙara tana sharar hawayen ƙarya, ta miƙa takarda. Alƙali ya shinshina, ya cinye ta tas.

Ya Kaka ta ce, "Shi ke nan, ba takarda ba saki. Na koma gidan wahala."

Yara suna birgima don dariya, Ilu yana riƙe da ciki. Ba shi da takardar zane a hannu sai ta buhun siminti da yake naɗe kayansa, ya ɗauki gawayi a kaskon turaren Ya Kaka ya hau zane. Yana cikin yi aka ji gyaran murya daga waje. Soro ya ɗauke wuta. Akuya ma ta tsaya da guntun ganye a baki. Wannan ma Ilu ya zana shi a ƙasan takardar, ya naɗe.

Daga baya Ilu ya ce, "Malam, abin da kake nema fa yana soronka. Ka laɓe wata rana ka ji Iya da Kyari."

"Ni in laɓe a gidana? In ji shirme?"

Ita ma Ya Kaka ta yi nata. Da yake Malam ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Kai wannan, kawo littafin naka in ji mana."

Ya russuna ya ce, "Iya, Allah ya ƙara girma, aikin boko ne, ba tatsuniya ba."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma ka sani maigidana kwana uku ke nan ba ya zuwa banɗaki sai na raka shi, saboda kurarka."

Malam ya fito yana murna, wai littafi ya yi aiki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka koma makaranta, Malama Bahijja ta zo. Aka tara 'yan aji ɗaya a gindin darbejiya, ni ma na je don jikata tana ciki. Ilu ya kwance hotuna daga takardar simintin, ya shimfiɗa ta a ƙasa don kada su yi ƙura. Malam ya gyara tsayuwa a gaban yara, suka sunkuya.

Malama ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri. Ka koma bayan ajin can."

"Ai ba za su natsu ba in ba na nan."

"Shi nake so in gani."

Ya tafi yana waiwaye. Da ya ɓace sai kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya kamar shuka ta sha ruwa. Malama ta fara karatu. A shafin kunama aka yi shiru. A shafin kududdufi wata ta yi hamma, wasu biyu suka nemi izinin fitsari. Wata yarinya Indo ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shi Lawal ɗin ba shi da uwa ne?" Da aka buɗe kura, wata 'yar ƙarama Zinariya ta fasa kuka, ta ce gida za ta.

Malama ta rarrashe ta, ta rufe littafi, ta ce, "To, a sake?"

Can Indo ta ce, "Don Allah, Malama, kar a sake."

Ana cikin haka sai Ummi, 'yar Malam Bukar da ke ajin, ta ƙura wa takardar simintin ido, ta yi tsalle. "Lah! Ga Ya Kaka! Ga Kyarinmu! Ga alƙali!"

Yara suka yi caa a kan takardar. Malama ta ɗaga ta sama ta ce, "Ummi, faɗa mana, me ake yi a nan?"

Ummi ta kama labari. Ta yi muryar Ya Kaka, ta yi ta Kyari, ta tauna iska irin ta akuya. Zinariya da hawaye a kumatu tana ƙyalƙyala dariya. Kowa ya ce shi ma tasa kakar haka take, wani ya ce tasa har guje-guje suke yi. Sai Malama ta nuna zanen ƙasa: ga dogon mutum a bakin ƙofa, hannu a baki, gira a haɗe, kowa ya sandare har akuya.

"Wannan fa wane ne?"

Aji duka suka ce, "Malam ne!"

Shi kuwa Malam yana bayan bango yana jin wata hayaniya da bai taɓa ji ba. Ya ɗauka littafinsa ne ya tayar da ita. Ya fito da sauri don ya karɓi yabo, da ya iso bakin inuwa, hali zanen dutse, sai ya kai hannu baki ya yi gyaran murya.

Yara suka sandare. Suka dubi Malam, suka dubi takarda, suka sake duban Malam. Ba bambanci ko na gashin gira. Zinariya ce ta fara fashewa, sauran suka bi. Malama Bahijja ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, sai da na juya na fuskanci bishiya.

"A sake! A sake!" Sau biyar Ummi ta maimaita, har aka kaɗa ƙararrawa.

Malama mutuniyar kirki ce, ba ta so ya tashi a tutar babu. Ta ja shi gefe ta ce, "Malam, na Lawal ba zai shiga ba. Amma wannan yana bukatar rubutu a ƙarƙashin hotuna. Ka zauna da Iya ta faɗa ka rubuta, sunanka ya fito tare da nata."

Ƙofa ce aka buɗe masa. Ya gyara hula ya ce, "Ni, Bukar, in rubuta shari'ar akuya? Allah ya sawwaƙe."

Ta ce, "To, ba dole." Washegari ta je soro da kanta, ta zauna a tabarma, Ya Kaka tana faɗa tana rubutawa, Kyari yana gyara musu inda suka yi kuskure. Ka ƙi naka duniya ta so shi. Kafin shekara ta zagayo littafi ya fito, a bangonsa sunan Ya Kaka da na Ilu, aka raba shi makarantu, har ajin da Malam yake koyarwa.

Ga lissafin abin da Malam Bukar ya yi asara. Dogon hutu guda, ya tafi a ɗaki. Shafi goma sha biyu na rubutu mai kyau, ba wanda ya ƙara buɗe su. Suna a bangon littafi, sau biyu ana miƙa masa, na farko ya kasa, na biyu ya ture da hannunsa. Sai kwarjinin da ya daɗe yana tarawa a gida da makaranta, ya zube a hantsi ɗaya a gindin darbejiya. Huɗu ke nan cif, ban ƙara masa ko ɗaya ba.