Amsar da Na Zaɓa a Jarrabawar Turanci

A ajinmu na koyon Turanci a Winnipeg, Malama Darlene ta dawo mana da takardun gwaji. Tawa na ɗauke da jan biro a tambaya ɗaya. Jimla ce mai gurbi: "Kullum idan na dawo gida, nakan gaisa da..." sai a cike da maƙwabcina, ko firjina, ko takalmina. Ni firji na zaɓa.

Ta tsaya a kaina tana murmushi. "Mama Letay, kin san ma'anar firji kuwa?"

"Na sani sarai, 'yata. Shi nake gaisarwa."

Ajin ya fashe da dariya. Ta ce, "Ba labarin rayuwarki ake tambaya ba. Amsar da ta dace kawai ake so."

Raina ya ɓaci. Na ce a garinmu Asmara, kafin ki kai ƙofarki an tsayar da ke shan gahawa. A nan, tun da mijina ya rasu, wa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa? Da tsufana za a koya mini ƙarya don maki ɗaya?

Duk da haka, makin bai dawo ba.

Da na koma gida, na haɗu da maƙwabcina a matakala. Na yi masa sannu da Turancina mai kyau. Ya wuce, idonsa a kan waya.

Na buɗe ƙofa. Firjin yana ta gurnaninsa a kicin.

Na ce, "Sannu da gida. Yau an ce ba kai ba ne amsar."