Takarda Biyu a Kan Teburin Malam

Malamin Turanci na cikin rubuta kalma ta biyu a allo aka turo ƙofa. Mai duba malamai ce. Ta ja kujera a can baya ta zauna, fayil a cinya. Tun makon jiya shugaban makaranta ya faɗa masa: malaman Turanci biyu ne, ɗaya za a bari, rahoton matar nan ne zai raba gardama. Ya ji maganar kamar an ce ana ruwa a wani gari.

Ya buɗe littafin shirin darasinsa, wanda ya rubuta tun shekarar da ya kama aiki.

"Wannan, mouse, ɓera ne. Wannan kuma, mousse, wani abin zaƙi ne mai laushi da ake sha da cokali bayan abinci. Na farko ya ci naka, na biyu kai ka ci shi."

Ya dakata, don a gefen shafin ya rubuta da jan biro: a jira dariya. Yara uku suka taimaka masa. A baya kuwa leɓen matar na motsi tare da nasa, kalma bayan kalma.

"Malam, ka taɓa sha?" in ji wata yarinya.

"Ɓeran dai mun saba. Ɗayan har yau ba a haɗa mu ba."

Da aka kaɗa ƙararrawa yara suka watse, matar ta matso.

"Malam, ba ka gane ni ba."

Ya dube ta ta saman tabarau. "'Yar-taga. Mai gyangyaɗi a ajina."

"Shekara ashirin da biyu ke nan. Ko waƙafi ba ka canza ba."

"Kalmomin ma ba su canza ba, ranki ya daɗe."

"Ɗayan malamin yana sa yara su yi magana."

"Yaro ne. Ni na riga na ji duk abin da za su ce."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye takarda biyu a teburinsa. Ta farko, wata shida yana zama a ajin ɗayan malamin yana koyon sabon salo, sannan a sake duba shi. Ta biyu, ritaya kafin lokaci.

"Ko kuma," ta rage murya, "in rubuta cewa yau ba ka da lafiya."

"Kada ki yi ƙarya saboda ni, 'yata. Ba ni na koya miki ba, ba ta cikin littafin."

Ya lalubi zuciyarsa ko zai tarar da fushi, ko kunya. Abin da ya tarar kawai, bai sha shayi da safe ba.

Ya jawo ta biyun. Ya taɓa aljihun gaba, ya taɓa na gefe, guntun alli kaɗai ya samu.

"Ara mini biro."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya sa hannu a hankali, babban yatsansa ya bar farin tabo a gefen takardar. Ta ɗaga ta, ta hure ƙurar, ta sa a fayil.