Injin Ƙyanƙyasar Yaya

Da safe Yaya ta shigo shagona da allon lantarkin injin ƙyanƙyasarta naɗe a gefen mayafi. Tun da mijinta ya rasu, kajin nan ne cinta da shanta. Ƙwai na cikin injin a gida, saura ƙiris su fashe, ta lulluɓe su da bargo ta taho. Ta ce zafi ne ke hawa yana sauka yadda ya ga dama.

Na duba, babu abin da ya ƙone. Na ce manhajar da ke cikin 'yar ƙwaƙwalwar allon ce ta rikice, sai an sake zuba mata. Ba sai an cire ta ba, wayoyi ake maƙala mata a inda take, kwamfuta ta yi sauran. Ina da manhajar wani allo irinsa da na taɓa gyarawa.

Na maƙala, na danna, ta shiga. Na kunna allo, shiru. Na koma kan kwamfuta, ta ce ba ta ga komai a bakin waya ba.

Na sauya waya, na kankare ƙafafun ƙwaƙwalwar, na auna wuta, duk lafiya lau. Mai walda, maƙwabcina, ya leƙo ya ce in hura mata iska, haka yake yi wa rediyonsa. Na ce ya koma kan ƙarfensa.

"Auta, ƙwai ba sa jiran kwamfuta fa," in ji Yaya. Da furfura a gemuna, har yau Auta nake.

Sai da na tuna fasalin wancan allon na gane. Shi yana da kiristal, ɗan ƙarfen da ke buga wa ƙwaƙwalwa lokaci. Na Yaya babu. Ni kuwa na zuba har da saitin da ya ce ta jira bugun kiristal. Ga ta nan tana jiran abin da babu, ta kurumce.

Na zazzage tarkacen shago kaf kafin na samu kiristal ɗaya, na liƙa da dalma. Kwamfuta ta gan ta, na gyara saitin. Lokacin la'asar ta yi sakaliya.

A gida Yaya ta yaye bargo, ta ɗauki ƙwai ta kara a kumatu, ta kai kunne. Ta ajiye, ta ɗauki wani. Ni ina ɗaura allo. Fanka ta tashi, fitila ta kama.

"Kashe shi, Auta, duk sun yi sanyi," ta ce. "Wa zai ɗumama?"