Gurnanin Motar Zailani

A shekarar da aka janye tallafin man fetur, direbobin tashar Tsanyawa ba su da hira sai ta yadda za a rage wa mota ci. Zailani yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai gero da wake Dawanau da ita, ita kuwa ba ta san an shiga wani hali ba, kwankwaɗar mai kawai take.

Wata Laraba ya kai ta wurin Nababa makanike, a gindin darbejiyar bayan tasha. Nababa ya ɗaga bonet, ya ƙwanƙwasa wasu baƙaƙen gorunan roba guda biyu da ke manne da bututun da inji ke shaƙar iska.

"Ka ga waɗannan? Su suka shaƙe ta," in ji shi. "An sa su ne don rage ƙara kawai. Kai ƙara ta dame ka?"

"Ni mai ne ya dame ni."

"To a cire. Mai mura ai ba ya gudu."

Nan da nan ya ɓalle su, ya toshe ramukan da murfin gwangwani, ya ɗaure da tsohuwar robar keke. Zailani ya wurga gorunan a bayan mota, ya tayar, ya taka totur. Sai ta saki wani gurnani mai kauri, har masu sayar da rake suka waiwayo. Daɗi ya kama shi. Ya rantse ƙarfinta ya ninku, cinta ya ragu, kuma da yake allurar mai ta daɗe da mutuwa, babu mai ƙaryata shi. Sai dai kullum jarkar da ya saba zubawa ba ta kai shi inda ta saba, don ko ba dalili yakan taka totur ya ji muryar.

Ranar kasuwa da la'asar ya nufo ƙauyensu, hanya siririya, gero ya rufe hagu da dama. Ya sha kwana ke nan yana gurnani, sai ga jaki ɗauke da mangala da wani dattijo a kai. Jakin ya miƙe kunnuwa, ya yi tsalle ɗaya, ya afka gona. Dattijon ya zube a kan kunya, rawani a gefe. Da Zailani ya duba sosai, sai ya gane shi. Baba Uwaisu ne, mahaifin matarsa Barira.

Ya diro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Sannu Baba. Allah ya sa ba a ji ciwo ba."

Baba Uwaisu ya karkaɗe riga a hankali. "Zailani, jirgin sama ka saya ba a sanar da mu ba?"

"A'a Baba, iska aka buɗe mata."

"To a rufe mata. Sannan ka kamo min jakina."

Sai da aka kira magariba ya kamo jakin. Da ya isa gida bai ga gorunan a bayan mota ba, sai ya tambayi Barira. Ta nuna masa bakin rumbu. Ta riga ta yanke su gida biyu, kaji na shan ruwa a ciki.

"Ai kai ka ce ba su da amfani," ta ce.

Daga ranar, in ya doshi ƙauye sai ya kashe mota tun daga gindin kuka, fasinjoji su sauko su tura, suna mita suna dariya. Da tura ta ishi kowa, ya shiga Kano wurin masu kayan gyara, ya samo gora ɗaya ta wata mota daban. Nababa ya cusa ta da guduma da addu'a.

Gurnani ya mutu, amma wani siririn fito ya maye gurbinsa, wanda ke tashi duk sanda aka sa giya ta uku. Zailani ya aika a tambayo surukinsa ko hakan ya yi. Baba Uwaisu ya ce jaki dai bai ce komai ba, amma karnukan gari da ke bin motar har bakin titi, wannan tsakanin Zailani da su ne.