Waƙar Baba Dramani a Al Wakrah

"Ka ji ko? Muryata ta dawo!" in ji Baba Dramani, yana saukowa daga dandamali yana haki. Ya damƙe hannuna. Baƙin da suka zo gasar kofin duniya sai tafi suke yi a bakin tekun Al Wakrah.

Maƙwabcina ne a unguwar Ain Khaled, mutumin Kumasi, ya tsufa yana waƙar rok a otal-otal ɗin Doha. A da in ya ja murya har tagoginmu sai sun amsa. Korona ta kwantar da shi, aka zura masa bututu a maƙogwaro. Da ya tashi muryar ta dishe, tana yankewa a tsakiyar baiti. Daga baya likita ya ga ƙari a wurin, ya ce a yi aiki da wuri.

Da aka tashi daga wasan na Al Wakrah na nemi Gafaru, mai kula masa da na'urar sauti tun zuwansu ƙasar. Ya ja ni gefe, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Malam Hafiz, kashe makirfonsa na yi. Tsohon faifansa na sa. Ba zan iya ganin ana yi masa dariya ba."

"To ka faɗa masa."

"Kai dai ka faɗa masa."

Babu wanda ya faɗa.

A makon Baba ya soke ranar aikin. "Khalas, magana ta ƙare," ya ce wa matarsa Ajaratu, "ba mai sa wuƙa a wuyan da ya warke." Ta biyo ni har ƙofa ta tambaye ni ko da gaske muryar ta dawo, tunda ina wurin wasan. Na ce mutane sun yi tafi sosai. Ta yi hamdala ta koma.

Kafin zafi ya shigo, ko shayi ba ya iya haɗiyewa. Likitoci suka ce an makara. Na raka Gafaru asibiti, ya durƙusa a gefen gadon.

"Baba, ranar Wakrah ɗin nan..."

Baba ya lumshe ido, ya yi murmushi. "Ranar na yi waƙa," ya ce cikin raɗa.

Gafaru ya haɗiye sauran maganar.

Baba ya rasu wata Juma'a da hantsi. Da muka dawo daga maƙabarta, Ajaratu ta fito da jitarsa ta miƙa wa Gafaru. "Ya ce a ba ka. Ya ce kai ne ɗansa."

Har aka kira la'asar ina hango shi ta taga, zaune a mota bai tayar ba, jitar na kan cinyarsa.