Wainar Sarmi a Tashar Jambu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu saurara, Kaka.

Jirgin ƙasanmu na garin Ambarawa kun san shi, tsohon nan mai cin itace. Turawan Holan suka shimfiɗa layinsa. Ya mutu shekaru, aka tashe shi don 'yan yawon buɗe ido. Yakan tsaya a Jambu, gindin dutse, sannan ya hau dutsen a kan layin dogo mai haƙora har Bedono.

To, 'yan'uwa biyu ke toya wainar shinkafa da madarar kwakwa a layin: Tukinem a Jambu, ƙanwarta Sarmi a Bedono. Baƙi sai su iso wa Sarmi a ƙoshe, suna nuna mata hoton yayarta.

"Wainar da gindinta ke ƙonewa!" in ji Sarmi. "Ni fa na koya mata kaɗa ƙullu."

Abin ya ci ta, ya ci ta, har ran nan ta ɗauko tanda da murhu ta sauko Jambu. Ta tarar da Tukinem zaune can ƙarshen dandamali, wajen wutsiyar jirgi. Ita kuwa ta kafa murhu daidai inda kan jirgi zai tsaya.

"Sarmi, dawo nan kusa da ni," in ji Tukinem.

"A'a, Yaya, zauna da wutsiyarki. Yau kai nawa ne."

Jirgi ya iso, kansa ya tsaya gabanta yana huci. Baƙi suka sauko, Sarmi ta gyara ɗankwali. Sai aka kwance kan jirgin, ya zagaya ta ɗaya layin ya koma baya, don dutsen nan ba a hawansa da ja, sai da turi. Baƙi suka bi shi duu da kyamarori, har gaban Tukinem. Sarmi ta sha ganin kan jirgin yana isowa Bedono a bayan taragai, ba ta taɓa tambayar inda yake juyawa ba.

"Ara mini ƙullunki, nawa ya ƙare!" Tukinem ta ƙwala mata kira.

Ta kai, fuska a murtuke. Wani baƙo ya ci ya ce wainar yau ta fi ta bara, ya ɗauki hoton Tukinem.

Tukinem tana Jambu har yanzu. Sarmi ta koma Bedono, ta bar waina, tana sayar wa ƙosassun baƙi kofi, kuma duk wanda ya zauna sai ya ji labarin ƙullun nan.