Malam Tanimu da Kumburi

Ranar da likitoci suka ce Asibi ta gama maganin ciwon daji, mijinta Malam Tanimu bai samu natsuwa ba. Tsoronsa kada ciwon ya dawo. Sai ya tare Khamis, ɗan hayarsu da ke aikin binciken lafiya a Abuja, yana sauka daga mota bai ko sha ruwa ba.

Khamis ya yi masa bayani cewa daji yana da wasu 'yan ƙwayoyi masu taurin kai da kan tsallake magani su lafe, kuma kumburin da ya daɗe a cikin jiki kan aika musu saƙo su sake tsiro. Ya ƙara da cewa abin har yanzu ana kan bincikensa. Amma Tanimu mutum ne da in ya kama kalma ɗaya sauran sai su bi iska. Kumburi kawai ya ji.

Daga ranar Asibi ta shiga uku. Ya hana ta suyar masar da duk unguwar Chaza ta san ta da ita, wai kada mai ya fallatso. Ya ɓoye taɓarya. Gidan sauro biyu ya ɗaura mata, ɗaya a kan ɗaya, ga zafin Suleja. Ko tuntuɓe ta yi sai ya durƙusa yana duba yatsa. Khamis ya yi ta rantsuwa ba irin wannan kumburin yake nufi ba, Tanimu ya ce yaro bai san mata ba.

Wata safiya ya hango rina tana shawagi kan Asibi, ya kai mata duka da hula. Rinar ba ta yi wata-wata ba ta sauka a fatar idonsa. A haka ya raka ta asibiti duba lafiya, ido kamar ƙosai, har ma'aikaciyar jinya ta miƙa masa kujerar mara lafiya.

Sakamako ya fito lafiya lau. A hanya Asibi ta dube shi ta ce, "Malam, daji ya ƙyale ni, saura kai. Gobe zan koma suyar masa."

Ya dafe kumburarren idonsa har suka wuce unguwar Maje. Can ya ce, da ido ɗaya yana hawaye, "Wata shida ina kallonki a kwance, Asibi. Ban san yadda ake daina tsoro ba."

Ta ce to ya zo ya riƙa hura mata wuta, a nan zai koya.